KUNNE YA GIRMI KAKA: Wane Irin Iyafis Ya Dace Da Kiɗan Manya?

A wannan karon za mu ɗan jingine batun wane jarumi ne ya ɓata da wane furodusa, da wace jaruma ce za ta amarce bayan Sallah, mu taɓo wani abu da ke maƙale a kunnen kusan kowane saurayi da budurwa a garin nan, wato iyafis.

Abin da ya jawo maganar kuwa tambaya ce da wani mai karatu, ɗalibi daga unguwar Kwarbai cikin birnin Zariya, ya aiko mana. Ya ce ya yi wata biyu yana tara kuɗi, ya sayi iyafis da mai shago ya rantse masa babu kamarsa. In ya sa waƙoƙin fim na yanzu, abin sai wanda ya ji. Amma da ya sa Narambaɗa, sai ya ji kamar a cikin rijiya ake waƙar, kotso ya cushe da murya, 'yan amshi sun ɓace. Ya sa kiɗan fim ɗin Titanic, nan ma haka. Shi ne yake tambaya: cutarsa aka yi, ko kuwa kunnensa ne?

Ɗan'uwa, kunnenka lafiyarsa lau. Ka sayi takalmin ƙwallo ne ka tafi da shi hawan Sallah.

MENE NE KIƊAN MANYA?

Akwai wani nau'in kiɗa da Turawa ke kira kilasika. Ni dai kiɗan manya nake ce masa, domin kiɗa ne da ake koyo shekara da shekaru a hannun gwanaye, ana yin sa da kayan kiɗa na gaske, kuma ba ya tsufa. Kada wani ya ce shi bai taɓa jin sa ba. Duk wanda ya riƙe Nokia 3310 ya san ƙarar kiranta. To, an tsakuro ta ne daga wani kiɗan jita da wani ɗan ƙasar Sifen, Francisco Tárrega, ya tsara a 1902. 'Yan gidan kallon ƙwallo kuma, taken gasar Zakarun Turai da ke sa tsigar jikinku tashi, Tony Britten ne ya tsara shi a 1992, ya ɗora shi a kan wani kiɗa da Handel ya yi a 1727 don bikin naɗin Sarki George na Biyu na Ingila. Ashe kiɗan fada kuke wa tafi ba ku sani ba! Hatta Tom da Jerry, akwai fitowar da suka yi a 1947 inda magen ke kaɗa fiyano ɓeran na hana shi sakat, kiɗan Franz Liszt ne, kuma sai da ta ci kyautar Oscar. Kiɗan Star Wars na 1977 kuwa, John Williams ne ya rubuta, babbar ƙungiyar makaɗa ta Landan ta kaɗa.

Indiyawa ma suna da nasu, wanda suke ginawa a kan abin da suke kira raga, da sitar da tabla da sarewa da shehnai, wadda 'yar'uwar algaitarmu ce. Marigayi Naushad shi ya fi kowa shigo da shi fim. Ku nemi Baiju Bawra na 1952 ku ji abin da ya sa Mohammed Rafi ya yi da murya, ko Mughal-e-Azam na 1960 inda ya gayyato Ustad Bade Ghulam Ali Khan ya yi waƙa.

Mu fa? Mu da muke cikin ganuwar Zazzau ba ma buƙatar a ba mu labari. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan Sallah, ya ji tambari na amsawa a ƙirjinsa, kakaki na tsaga sama, algaita na bi ta tsakiya ba ta yanke numfashi, ya san muna da namu kilasika. Ga kotson Narambaɗa da na Musa Ɗankwairo, ga taushin Sarkin Taushin Katsina, ga kalangun Dokta Mamman Shata wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, ga kuntigin Ɗan Maraya Jos, ga ƙwaryar Barmani Choge. Tun a 1963 da 1964 wani Ba'amurke mai suna David Ames ya zo ƙasar Zazzau ya naɗi kaɗe-kaɗenmu, aka fitar da su a faifai cikin jerin faya-fayan hukumar UNESCO, sannan a 1971 shi da Anthony King suka wallafa littafi guda a kan kalmomin kiɗan Hausa. Wato wasu sun tsallako teku don su ji abin da ke bayan gidanmu.

INDA GIZO KE SAƘAR

Tun daga zamanin Sangaya a 1999, fiyano ya zama sarkin kiɗan fim ɗinmu, daga baya kwamfuta ta karɓe shi. Irin wannan kiɗa a situdiyo ake matse shi, ƙararsa kusan ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kuma daɗinsa na ga dukan da ke girgiza kai, wato bes. Kamfanoni sun san haka. Shi ya sa yawancin iyafis ɗin da ke kasuwa an ƙara musu bes, an kuma ƙara musu ƙara mai tsini ta sama, aka danne ta tsakiya. A cikin shago, cikin hayaniya, in an sa maka shi na minti ɗaya, shi ne zai burge ka.

Matsalar ita ce, rayuwar kiɗan manya a tsakiyar nan take. Muryar ɗan'adam a nan take. Goge da kukuma da gogen Turawa da sitar da algaita duk a nan suke zaune. Shi kalangu ma ai magana yake yi: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka. In bes ya yi yawa sai ya lulluɓe wannan hawa da sauka, ka ji “dum, dum” kawai, maganar ta ɓace. In kuma ta sama ta yi tsini, algaita ta koma kamar allura a kunne, shuuu ɗin tsohon kaset kuma ya fi muryar mawaƙin fitowa.

Abu na biyu, kiɗan manya yana da raɗa yana da tsawa. Ƙungiyar makaɗan Turawa takan kai mutum 80 zuwa 100. Wani lokaci sarewa ɗaya ce tak ke busawa can ƙasa-ƙasa, bayan minti biyu kuma duk su ɗarin su faɗo lokaci guda. Iyafis na kirki dole ya iya fito maka da raɗar, ya kuma ɗauki tsawar ba tare da ya fara ƙeƙe ba.

Abu na uku shi ne fili. A tsarin zama da aka fi yi, masu ƙananan goge suna hagu, masu manyan goge masu kauri suna dama, masu busa a tsakiya, ganguna a baya. In an naɗi kiɗan da kyau, ka rufe ido, ya kamata ka iya nuna inda kowa yake zaune. Sai dai a kula: yawancin tsofaffin waƙoƙinmu da na Indiya na da, da hanya ɗaya aka naɗe su, abin da kunnen hagu ya ji shi na dama zai ji. A nan babu iyafis ɗin da zai raba maka Shata da 'yan amshinsa hagu da dama. Abin da za ka nema shi ne ka ji kowane kalma ta fita tas.

ROBAR NAN DA KUKE RAINAWA

In za ku riƙe abu ɗaya daga wannan rubutu, ku riƙe wannan. 'Yar robar da ke bakin iyafis ita ce rabin aikin. Iyafis na cikin kunne ba ya ba da sautinsa na gaskiya sai ya toshe ramin kunne ruf. In iska na shiga, kaurin sauti ya zube, sai ka ji komai siriri kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Shi ya sa masu kyau ke zuwa da roba kala uku: ƙarama, matsakaiciya, babba. Mu kuwa sai mu yar da kwalin da sauran robobin a bakin shago. Ka gwada duka ukun. Ba mamaki kunnenka na hagu ya so matsakaiciya, na dama ya so babba, don kunnuwa biyu ba lallai su zo ɗaya ba. Yadda za ka gane ta zauna: ka sa ba tare da kiɗa ba, ka yi magana. In ka ji muryarka ta cika maka kai, hayaniyar waje ta ja baya, to ta zauna. Akwai kuma ta soso wadda ake murzawa a tura, ta kumbura a ciki. Ta fi toshe hayaniya, amma ta fi saurin datti da lalacewa, balle a ƙurar hunturun nan tamu.

MAI WAYA KO MARAR WAYA?

Na san yayi na wajen marar waya, mai Bluetooth. Ya fi kyan gani, ba ya sarƙewa a aljihu. Amma gaskiyar magana, in kuɗinka ƙayyadajje ne kuma sauti kake nema, mai waya ya fi. Dalili kuwa a fili yake: kuɗin da ka biya na marar waya an raba shi ne tsakanin batir, da akwatin caji, da na'urar Bluetooth, da makirfo, sai abin da ya rage ya tafi ga sautin. Mai waya kuwa kusan duk kuɗin na ga sautin. Ba ya neman caji, abin da ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da wuta ke zuwa kamar baƙo. Batirin marar waya kuma yakan yi rauni bayan 'yan shekaru, kuma galibi ba a iya canja shi. Sannan ga 'yan kallon fim, marar waya mai araha yakan jinkirta sauti, ka ga bakin jaruma ya motsa kafin magana ta iso.

Tun da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, wayoyi da dama sun bi sahu. In wayarka ba ta da ramin, akwai ɗan guntun mahaɗi da ake sawa a ramin caji, ba shi da tsada, kuma yana aiki. In kuma dole sai marar waya, to yana da wani amfani guda: wasu suna da na'urar kashe hayaniya. Tana ƙoƙari sosai a kan ƙugi mai ɗorewa, kamar janareta ko injin motar haya daga Ƙofar Doka zuwa Samaru, amma ba ta iya komai sosai da hon ɗin ɗan acaɓa ko surutun mutane. Da yawansu kuma suna da manhaja a waya inda za ka iya rage bes da hannunka. Ka rage.

RUBUTUN BAYAN KWALI

Kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Kusan kowane kwali zai ce 20Hz zuwa 20,000Hz. Wannan iyakar jin kunnen ɗan'adam ce kawai, mai kyau da marar kyau duk haka suke rubutawa, bai gaya maka komai ba game da daɗin sauti. Abin dubawa shi ne nauyin da zai ɗora wa waya: in ka ga om 16 zuwa 32, kowace waya za ta iya tura shi. Kada kuma a ruɗe ka da yawan sifikun da ke ciki. Wani zai ce nasa huɗu ne a kowane kunne. Sifika ɗaya da aka saita da kyau ta fi huɗu da ke rigima da juna. In ka ga an rubuta ƙarin bes da manyan baƙaƙe a gaban kwali, ka san ba naka ba ne.

Game da suna, tsofaffin gidaje irin su Sennheiser da Sony da Shure da Etymotic sun daɗe a harkar. Su Etymotic ma tun 1991 suka fito da ER-4, wanda masu sauraron kilasika suka daɗe suna yabo saboda ba ya ƙara gishiri. A 'yan shekarun nan kuma kamfanonin Sin irin su Moondrop da 7Hz sun fito da masu waya masu araha da aka saita su daidai wa daida. Oraimo da muka fi sani a nan yana da sauƙin samu, sai dai ka saurara da kunnenka, don kayan da aka yi domin kasuwar matasa sukan karkata ga bes. Babbar annoba dai ita ce jabu. In aka ce maka ga Sony ko AirPods a kuɗin kwanon shinkafa biyu, ai ka san araha ba ta ado.

YADDA ZA KA GWADA A KASUWA

Ko a cikin birni za ka saya, ko Tudun Wada, ko PZ, ko kasuwar Sabon Gari, ka tafi da waƙoƙinka uku a waya, waɗanda ka haddace. Kada ka yarda da wadda mai shago zai sa maka, ya san wadda ke rufa wa kayansa asiri. Ka ce, “Maigida, don Allah bari in ji da tawa.” Mai kayan kirki ba zai hana ba.

Ta farko, waƙar fada mai amshi, ta Narambaɗa ko Ɗankwairo. Kana jin kalmomi ɗaya bayan ɗaya? In 'yan amshi suka karɓa, kana jin mutane ne da yawa, ko dunƙule suke? Ta biyu, wadda ke da murya mai tashi sama, kamar ta Lata Mangeshkar, ko busar algaita. In ta kai ƙololuwa ka ji kana son runtse ido, ajiye shi, bayan rabin sa'a kanka zai yi ciwo. Ta uku, kiɗan ƙungiya mai raɗa da tsawa, kamar kashi na ƙarshe na kiɗa na tara na Beethoven na 1824, wanda 'yan kallo suka ji a Die Hard na 1988. Ka saurari wurin da ya yi ƙasa, ka jira wurin da ya fashe. Daga nan ka duba ko kunnuwan biyu ƙararsu ɗaya, ka ɗan motsa wayar a gindinta ka ji ko tana yankewa, ka tambayi garanti, ka karɓi rasit.

Wani abu kuma: iyafis ba ya gyara abin da ya lalace tun daga tushe. Waƙar da aka kwafa daga kaset zuwa sidi, daga sidi zuwa memori, aka tura ta WhatsApp sau goma, ta riga ta sha wuya. In ka je wurin masu tura waƙoƙi, ka dubi nauyin fayil. MP3 mai lamba 128 yakan ci kusan megabait 1 a minti ɗaya, mai lamba 320 kuma kusan 2.4. In ka ga waƙar minti 20 ba ta kai megabait 5 ba, an tatse ta. Ka nemi mai nauyi.

KUNNE BA SHI DA SAFAYA

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Kiɗan manya yana da wani tarko. Saboda yana da wuraren da ke yin ƙasa, in kana cikin hayaniya sai ka yi ta ƙara ƙara don ka ji raɗar, in tsawar ta zo kuma ta sauka a kan dodon kunnenka gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'auninta shi ne: babba zai iya jin ƙara mai desibel 80 na sa'a 40 a mako ba tare da illa ba. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi. In ka kai 100, kusan minti 20 ke gare ka a duk mako, kuma wayoyi da yawa suna iya kaiwa nan in an ƙure su. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti. In suka mutu ba sa sake tsirowa. Kuma waɗanda ke fara tafiya su ne masu jin siririn sauti, wato dai waɗanda kake buƙata don jin daɗin goge da sarewa.

Don haka robar da ta toshe da kyau ba daɗi kawai take ƙarawa ba, kariya ce, domin in hayaniya ba ta shiga ba, ba ka buƙatar ƙure ƙara. Ka tsaya a kashi 60 cikin 100, ka riƙa cirewa kana hutawa bayan kowace sa'a. Kada ka kwana da shi a kunne. Kada a riƙa karɓa-karɓa tsakanin abokai, ana ɗaukar ciwon kunne ta haka, ka kuma riƙa cire robar kana wankewa. In ka fara jin wani “ziiii” a kunne bayan ka cire, ko ka ga kana yawan cewa “na'am?” a majalisa, kada ka tsaya ɗiga man zaitun ko tura tsinke. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wannan gargaɗi ya fi shafar 'yan'uwanmu na industiri, masu haɗa sauti da editoci da ke kwana da abu a kunne. Kunnen nan shi ne jarinku.

Sai kuma ladabi. Lungunan birni ƙanana ne, babura kuma ba sa jira. Kada ka toshe kunne biyu kana tafiya a Babban Dodo ko bakin kasuwa, balle kana kan babur. A gida ma, kada Inna ta yi ta kwaɗa kira har sau uku kana can kana gyaɗa kai, ko a kira salla a idar ba ka sani ba. Kiɗan manya dama ba na tafiya ba ne. Na zama ne, bayan isha'i, a zaure ko a ɗaki, lokacin da gari ya yi tsit.

Ga mai tambayarmu na Kwarbai: kafin ka sake kashe ko kwabo, ka gwada sauran robobin, ka shiga saitin sauti na wayarka ka rage bes, ka nemi fayil mai nauyi. In har yanzu Narambaɗa na cikin rijiya, ka bar wannan don waƙoƙin biki, ka nemi mai waya marar ƙarin gishiri.

Ga furodusoshinmu kuma ina da roƙo. Ana ta yin finafinan sarauta da rawani da dawaki da dogarai, amma in sarki ya fito sai a danna kwamfuta ta yi kwaikwayon kakaki. Masu abin suna nan da ransu a fadojinmu. A ɗauko su, a biya su, a naɗe su da makirfo mai kyau. Yaran da ke kallo a waya da iyafis a kunne za su ji bambancin, ko da ba su san sunansa ba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa situdiyo mu ga dalilin da ya sa a wasu finafinanmu kiɗa ke danne magana har sai ka bi bakin jarumi da ido. Masu tambaya ko gyara, ƙofa a buɗe take, a aiko ta ofishin mujalla. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.